Bashen Baba da Jakunkunan Iska

Ni ba mai riƙo ba ce, amma akwai wasu robobi biyu baƙaƙe, kowace ba ta fi ƙaramin turmin daka yaji ba, waɗanda har yau ban yafe musu ba, su da mutanen da suka fake da su suka kashe mana mota.

Motar ta mahaifina ce, irin mai buɗaɗɗen bayan nan da muke kira bashe. A da fara ce, ranar Damagaram ta dafa ta har ta koma launin kindirmo. Tun kafin a haife ni yake jan ta daga Zinder zuwa kasuwannin ƙauye, ya kai sabulu da gishiri da man girki, ya dawo da hatsi da wake da awaki. A cikinta aka kai ni lakwal, wato makarantar boko, ranar farko, a cikinta aka kai gawar kakata ƙauye. Abincin gidanmu a bayanta yake zuwa. Ina yarinya, in Baba ya ajiye ta da hantsi, nakan hau in kwanta rigingine ina kallon gajimare, ƙanshin tsohon buhu da na gyaɗa yana tashi daga jikin ƙarfen.

A ƙarƙashinta, wajen tayoyin baya, akwai lam. Falle-fallen ƙarfe ne dogaye da aka jera ɗaya bisa ɗaya, a lanƙwashe kamar baka, su ke riƙe nauyin kaya. In motar ba komai suna nan a lanƙwashe. Ana loda ta suna miƙewa a hankali, bayan motar yana sauka, har su kwanta. Da wannan kwanciyar Baba ya zauna lafiya da danginsa tsawon shekaru.

Asalinmu wani ƙauye ne gaba da Droum, kuma Baba ne kaɗai ya zauna birni, shi kaɗai ke da mota. Duk kaka in ya je ɗauko hatsin gonarmu, dangi sai su fito da nasu kayan da suke so a kai musu Zinder. A wurinmu ƙarami ba ya duban babba ya ce masa a'a, ɗan birnin da ya hana ɗan'uwansa wuri a mota kuwa, sai a shekara ana tauna sunansa a gindin bishiya. Baba bai taɓa ce wa kowa a'a ba. Yakan bari a yi ta lodi yana tsaye yana hira. Can sai ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya kira wansa, wato Baffa.

"Yaya, zo ka gani da idonka. Lam ta kwanta."

Baffa ya zo ya duƙa, ya girgiza kai, ya juya wajen jama'a ya ce, "To, kun ji. Ta kwanta. Saura sai wani zuwan." Kowa ya ja buhunsa ya koma gida ba tare da fushi ba, tun da ba wanda ya hana wani. Ƙarfe ne ya gaji, kowa kuma ya shaida. Abin har ya shiga bakin matan ƙauyen, in an ishi mace da aike sai ka ji ta ce, "Ni fa yau lam ɗina ta kwanta."

Shekarar da na shiga jami'a, Baba ya faɗi a bakin masallaci bayan azahar. Hawan jini ne. Ya tashi ɓarinsa na dama a shanye, magana tana fita da ƙyar, rabi ana ganewa rabi sai an yi hasashe. Da aka sallamo shi daga asibiti ya ƙi zama cikin gida, ya ce a shimfiɗa masa a zaure, inda zai riƙa ganin motar a gindin bishiyar dogon yaro. Likita ya ce hannun yana iya dawowa. Baba ya riƙe wannan maganar kamar igiyar guga. Ranar da ya miƙa wa Yayana makulli, da hannun hagu ya miƙa, ya yi ta fama da harshensa har ya fitar da abin da yake so: aro ne, ya riƙe masa ita har ya tashi. Duk gidan mun san ba don abinci kaɗai ake lallaɓa motar nan ba. Ita Baba yake kallo yana matsa ƙwallon roba da mataccen hannunsa.

Yayana shi ne ɗan fari, Inna ba ta ko kama sunansa, sai dai ta ce "yaron nan". Mutumin kirki ne, ba ya iya ganin mutum cikin rana ya wuce shi. Amma ya taɓa yin tuƙi a arewa wajen masu haƙar zinariya, ya dawo da son duk wani abin da aka ƙara wa mota. Wata bai cika da makulli a hannunsa ba ya ce lam ɗin Baba sun tsufa. Ya kai ta wani garaj wajen unguwar Kara-Kara, aka cire su, aka sa sababbi, ba na kamfanin da ya ƙera motar ba, masu kauri, fallensu ya fi yawa. Bayan motar ya ɗaga sama kamar jakin da ya sunkuya shan ruwa. In ba kaya kuma sai ta riƙa tsalle a kan kowane ɗan dutse. Ranar da aka koma da Baba asibiti a cikinta, Inna ta sauko tana dafe da ƙugu.

"A gaya wa yaron nan, in kashe mu yake so ya faɗa, mu yi alwala tukuna."

Na ɗauka zai rage fallen ko ya mai da na da. Sai ya koma garaj ya dawo da ƙari. Mai garaj ya sayar masa da jakunkunan iska, robobin nan biyu, da aka ciro daga wata motar arewa. Aka ɗaura kowace tsakanin ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya da shasi, wato dogayen ƙarafan da duk jikin mota yake zaune a kansu. Aka ja musu siririn tiyo zuwa baya, inda ake hura musu iska kamar taya. Daga baya na ji cewa masu sa irin waɗannan jakunkuna sukan bar lam mai laushi ne, iska ta ɗan taimaka mata in kaya ya yi yawa. Yayana bai cire ko falle ɗaya ba. Ya haɗa lam mai taurin kai da jaka mai taurin kai, ya zo ƙofar gida yana murna.

Ya tara mu, ya sa maƙwabta maza suka hau baya, ya ɗauko famfon ƙafa ya yi ta takawa. Motar ta riƙa tashi da mutane a kanta, suna dariya.

"Mai garaj ya ce ko giwa na ɗora ba za ta nuna ba!" in ji shi. "Baba, ka gani? Yanzu ba ta kwanciya."

Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya daga zaure, ya yi magana mai tsawo, jijiyar wuyansa a miƙe. Ba wanda ya gane. Na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, sake faɗa." Ya dube ni, ya ce "Uwata," don sunan mahaifiyarsa gare ni, ya sake farawa, sai harshen ya ƙi. Yayana ya ce, "Albarka yake sa mata." Maƙwabta suka ce amin. Har yau ban san abin da ya ce ba.

Da kaka ta zo, Inna ba ta iya barin Baba ba, sai ta tura ni in bi Yayana in tattaro mata wakenta da busasshiyar kuɓewa da yakuwa. Mun tashi da sassafe. A Droum Yayana ya tsaya wajen mai faci ya ce a cika jakunkunan. Mai facin ya matsa ɗaya da babban yatsa ya ce ta yi. Yayana ya ce a ƙara. Muka shiga ƙauye bayan motar yana sama, yara suna bin mu, shi kuwa tun kafin ya gama gaisawa ya fara ba maza labarin jakunkuna, yana nuna musu tiyo.

Aka loda hatsinmu, aka loda kayan Inna. Nan ne aka saba fara leƙen lam. Sai buhunan Baffa suka fito, sannan gyaɗar Gwaggo, ƙanwar Baba. Wani ɗan Baffa ya kawo ƙofar ƙarfe da za a gyara mata ƙafa a birni. Wata da ban ma san dangantakarmu da ita ba ta kawo dawa. Kaya ya wuce kan motar, aka kafa sanduna a gefe aka ci gaba. Baffa da kansa ya je ya duƙa, kamar yadda ya saba, ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah. Ko gezau. A ci gaba."

Na ga Yayana ya daina dariya. Ya share gumi da hularsa, ya matsa kusa da Baffa ya rage murya.

"Baffa, ina ganin kamar..."

"Kana ganin me, ɗana? Ubanka ma da ya haife ka, lam yake tambaya. Zo ka duba. Ta kwanta?"

"Ba ta kwanta ba, Baffa."

"To, mene ne? Ko kai ne ka kwanta?"

Maza suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Ba kai ka ce giwa ba? Mu ko raƙumi ba mu kawo ba tukuna." Sai ga matasa sun turo amalanke da injin niƙan Baffa, wanda ya lalace tun damina, baƙi ƙirin da mai, sai da ƙarti suka taru kafin ya ɗagu. Ba wuri a ciki. Aka buɗe ƙofar baya aka kwantar da ita, aka shimfiɗa katako, aka ɗora injin can ƙarshe, yana leƙe a waje, aka ɗaure da igiya.

Na ja hannun rigar Yayana zuwa bayan wani rumbu. Ban san mota ba, amma na ga yadda ya hura jakunkunan, na kuma san abin da ake hurawa ana iya sacewa.

"Yaya, don Allah ka je kamar za ka duba igiya, ka sace iskar. Ta sauka su gani, a sauke injin nan."

Ya kalle ni, ya kalli mazan da ke tsaye. Na ga ya gane, na ga kuma ba zai yi ba.

"Bayan na gama cika baki? So kike a ce ɗan birni ya zo ya yi ƙarya?"

"Motar Baba ce."

"Ke malama, je ki zauna gaba. Wannan ba karatu ba ne."

Wannan tsayuwar ta bayan rumbu ita ce ke dawo mini duk lokacin da na ɗauka na huce. Ɗan tsinke kawai zai sa a bakin tiyo. Amma kunyar dariyar maza ta fi masa nauyi a kan amanar ubansa. Su kuma da suka tsufa suna loda motar nan, sun san iyakarta sarai, sun san buhu nawa take kwanciya a kai. Idonsu bai makance ba. Sun samu ƙarfen da ba ya gardama ne da yaron da ba ya iya musu, suka yi kamar ba su sani ba.

Muka tashi bayan azahar, ni da Gwaggo a gaba, Baffa da wasu maza a saman kaya. Tun daga bakin gari na ji motar ba ita ba ce. Gabanta ya yi sakayau, sitiyari yana rawa a hannun Yayana, a cikin rairayi sai ta riƙa lilo kamar kwalekwale. Gwaggo tana ta ba ni labarin wata haihuwa, ni kuwa kunnena yana baya. Gonaki sun yi fili, an kwantar da kara, shanu suna kiwo a ciki, sararin sama ya yi shuɗi tas. Na tuna na ji haushin kyan ranar.

Akwai wani busasshen kwari kafin a kai Droum, hanya tana gangarawa ta hau. Yayana ya shiga a hankali, ban zarge shi da gudu ba. Tayoyin baya suka faɗa, suka taso, sai na ji ƙara a bayan kujerata. Ba mai ƙarfi ba ce, kamar an taka busasshen kara ne. Motar ta ɗan ja gaba ta tsaya, aka ji injin niƙa ya daki ƙasa. Maza suka yi ta dirowa suna salati.

Da na fito sai na ga bashen Baba ta karye a tsakiya. Tsakanin ɗakin direba da bayan ya buɗe kamar baki, gindinta ya zauna a rairayi. Yayana ya kwanta ya shiga ƙarƙashi, na duƙa kusa da shi. Shasi ya tsage hagu da dama, dab da inda aka ɗaura jakunkunan, don duk nauyin nan a wuri guda suka tattara shi suna tokarar ƙarfen da ba a yi shi don haka ba. Sababbin lam suna nan a lanƙwashe. Jakunkunan suna nan tim. Duk abin da aka ƙara mata lafiyarsa lau, ita ce kaɗai ta mutu.

Ba wanda ya ji rauni, na gode wa Allah a kan haka, har yanzu ina godewa. Gwaggo ta ce da sauran kwana. Baffa ya zagaya baya yana shafa injinsa, yana tambaya ko bakinsa bai fashe ba. Aka aika Droum aka samo amalanken shanu, kowa ya tsaya a kan buhunsa kada a haɗa da na wani. Yayana bai fito daga ƙarƙashin motar ba sai da aka kira la'asar.

Kashegari da hantsi aka kawo ta bisa wata babbar mota, aka sauke ta a gindin dogon yaro. Ba a yi shawarar wanda zai gaya wa Baba ba, tun da daga zaure yana gani. Ya nemi a ɗaga shi. Yayana ya riƙe shi ta ɓarin da ya shanye suka fita. Baba ya zagaya ta sau ɗaya yana jan ƙafa, ya tsaya wajen tsagar, ya daɗe, sannan ya juya aka mai da shi. Bai yi wa Yayana faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mana sauƙi. Mai walda ya zo ya duba, ya ce zai iya liƙewa ta riƙa yawo cikin gari ba kaya, amma ya rantse ba zai bari ɗansa ya hau ta a hanyar ƙauye ba.

Ranar Juma'a Baffa ya zo jaje. Ni na kai masa ruwa zaure. Na same shi yana cewa, "Haƙuri za ka yi. Ƙarfe ne, da ma ta tsufa, kwananta ne ya ƙare. Su kuma yaran zamani da ƙaƙale-ƙaƙale, wa ya ce a sa wa mota balan-balan?"

Na ajiye kofin. Ban taɓa ɗaga murya a gaban babba ba, ranar ma ban ɗaga ba, amma bakina ya buɗe.

"Baffa, injin ya gyaru?"

"Ana kan gyara, 'yata."

"Madalla. Tun da shi ya iso lafiya. Baffa, kai ka duƙa ka duba. Tun ban san kaina ba kai ke dubawa. Ka san hatsinmu da buhunanka kaɗai sun ishe ta. Ka ga Yaya yana so ya yi magana ka mai da shi abin dariya. Yanzu kuma ka ce kwananta ne ya ƙare?"

Baffa ya buɗe baki yana kallon Baba. Baba ya ɗauki sandarsa ya buga a ƙasa. Ya dube ni, ya ce, "Ba shi haƙuri." Tun da ya faɗi ban ji magana ta fita tsaf daga bakinsa kamar wannan ba. Ranar da yake son ya faɗi abin da nake zaton zai ceci motarsa harshen ya ƙi, ranar da za a durƙusar da ni ya saki. Na durƙusa na ba Baffa haƙuri. Ya ce ba komai, yarinta ce da boko. Ya shanye ruwansa.

Ba a daɗe ba Baba ya sa aka kira masu sayen tsofaffin motoci su wargaza. Inna ta roƙe shi a liƙe ta ko don yawon cikin gari, ya girgiza kai. Tun da motar ba ta tafiya, a nan ƙofar gida za su kwance ta. Da safen da za su zo ya ce a naɗe shimfiɗarsa a kai ɗakin Inna. Bai sake zama a zaure ba. Yayana ya fita tun asuba, ya samu tuƙi a motar wani ɗan kasuwa.

Ni na tsaya na gani. Suka cire inji, suka cire ƙofofi da kujerar da ta lotsa daidai zaman Baba, suka kunna wutar yankan ƙarfe. Ana cikin haka sai ga mai garaj a kan babur, ashe ya ji labari. Ya gaisa da su, ya tsuguna, ya kwance jakunkunan da hannunsa, ya goge su da tsumma, ya juya su a rana. Ya ce akwai wani mai bashe da ke zuwa kasuwar Damagaram Takaya, tun jiya yake jiransu. Da ya ga ina kallonsa sai ya ɗaga mini ɗaya, fuskarsa cike da fara'a.

"Ƙanwata, kin gani? Mota ta karye, su ko ƙwarzane babu. Kaya mai kyau ke nan."

Na ce masa, "Ka gaya wa mai bashen abin da suka yi wa tamu."

Ya yi dariya, ya ɗaure su a bayan babur da igiyar roba, ya tayar ya tafi.